Sarauta da Ilimi a Ƙasar Damagaram daga 1812 zuwa 1926

1. Gabatarwa

Galibin abin da aka rubuta game da Damagaram tarihin yaƙi ne: wane sarki ya ci wane gari, wace shekara aka kashe Cazemajou, a ina aka yi karon Tirmini. Wannan nazari zai duba irin ilimin da sarautar Damagaram ta dogara a kansa cikin ƙarni na 19, da irin wanda Turawa suka zo da shi, da yadda na biyun ya danne na farkon har ya zama da idonsa ake kallon ƙasar. Batun ya shafi mai nazarin harshe kai tsaye, domin a cikin wannan tarihi ne Hausar wani ɗan Damagaram ta zama harsashin littattafan nahawu na farko da aka buga a Turai, kuma a cikinsa ne aka ja iyakar da ta raba masu magana da Hausa gida biyu, kowane gida da irin makarantarsa da irin kalmominsa na aro.

2. Asalin sarauta da harsunan fada

Ruwayar gidan sarautar Damagaram tana kai asalinsa ga wani malami mutumin ƙasar Barno, Malam Yunus, wanda ya zauna a yankin wajen shekarar 1730. Abin lura ne cewa kakan da gidan yake tinƙaho da shi mai allo ne da tawada. Kusan shekara 80 zuriyarsa suna riƙe da ƴar ƙaramar sarauta, suna sauya mazauni daga wannan gari zuwa wancan, suna kai gaisuwa Barno. Sai a zamanin Sulaiman ɗan Tintuma, wanda ya yi sarauta daga 1812 zuwa 1822, aka kafa gadon mulki a Zindar.

Wannan ƙaura ta zo daidai da lokacin da jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka soma a 1804, ya birkita ƙasar Hausa. Sarakunan Haɓe na Katsina da Daura suka yiwo arewa. Ɗan Kasawa na Katsina ya fake a Damagaram kafin a kafa Maraɗi wajen 1819. A fagen ilimi kuwa, Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Barno da Muhammadu Bello sun yi musayar wasiƙu a kan ko ya halatta a yaƙi mutanen da suke salla da azumi saboda wasu al'adu da suka cuɗanya da addininsu. Damagaram ta tsaya a ɓangaren Barno. Saboda haka malamanta suka ci gaba da fuskantar gabas, wato wajen tsangayu inda haddar Alƙur'ani da rubuta shi da ka suke kan gaba.

Fadar Zindar ta kasance mahaɗar harsuna. Da Larabci ake rubuta wasiƙun sarki, da shi alƙali yake kafa hujja. Barbarci shi ne harshen asalin gidan. Hausa ita ce ta kasuwa da ta yawancin talakawa, musamman bayan da aka haɗiye ƙasashen Sosebaki irin su Mirya da Dungas da Washa, har a hankali ta mamaye fadar kanta. A Zango kuma, unguwar da fataken Abzin suke sauka a wajen ganuwa, ana jin harshen Buzaye da Larabcin mutanen Gadamas da Tarabulus. Sawun Barno ya fi fitowa fili a cikin sunayen sarautu: Ciroma, Galadima, Kaigama, Yarima, Kacalla. Joseph Greenberg ya nuna a 1960 cewa har kalmomi irin su karatu da rubutu da kasuwa da bindiga ta hanyar Barbarci suka shigo Hausa. Aron ya girmi sarautar Damagaram ƙwarai, amma a ƙasashe irin nata, inda harsunan biyu suke kwana gida ɗaya, ake ganin yadda irin wannan aro yake faruwa.

3. Zamanin Tanimun: ganuwa da maƙera

Bayan Sulaiman, ƴaƴansa biyu, Ibrahim da Tanimun, suka daɗe suna jayayya a kan gadon sarauta, Shehun Barno yana sa baki yana ɗaga wannan yana sauke wancan. Tanimun ya fara hawa daga 1841 zuwa 1843, ya sake hawa a farkon shekarun 1850, ya riƙe ƙasar har rasuwarsa a 1884. A wannan tsawon mulki ne Damagaram ta tashi daga matsayin mai kai gaisuwa ta zama daular da maƙwabta suke shakka, daga Muniyo a gabas har Gumel da iyakar Kano a kudu.

Ƙarfin Tanimun ya tsaya a kan abubuwa biyu da suke riƙe da juna. Na farko hanyar ayari ce wadda take tasowa daga Tarabulus, ta bi Gat da Abzin da Damargu, ta ratsa Zindar ta isa Kano. Ta wannan hanya ake fitar da gashin jimina da jemammun fatu da hauren giwa da bayi, ana shigo da yadi da takarda da tagulla da bindigogi. Na biyu shi ne yadda sarkin ya mai da sana'ar hannu aikin gwamnati. Ya faɗaɗa ganuwar Birni mai ƙofofi bakwai. Ya kafa rundunar ƴan bindiga daga cikin bayin sarki, waɗanda ba su da wani ubangida sai shi, abin da ya rage dogaronsa ga hakimai masu dawaki. Lissafin da marubuta tarihin Damagaram suke maimaitawa shi ne bindiga 6,000 da igwa 40.

Abin da ya bambanta Zindar da sauran birane na wannan yanki shi ne ba ta tsaya ga sayen makami kaɗai ba. A cikin garin ake haɗa albarushi, a cikinsa ake zuba igwa. Haɗa albarushi yana bukatar sanin gwargwadon gawayi da farar wuta da gishirin da ake tacewa daga ƙasa, da sanin yadda za a daka su a shanya ba tare da sun kama wuta ba. Zubin igwa kuwa yana bukatar wutar da za ta narkar da tagulla mai yawa a lokaci guda, da mazubi wanda ba zai tsage ba, da bakin da zai jure bugu. Wannan ilimi ne na gwaji da awo da gyara kuskure, ko da yake masu shi maƙera ake ce musu.

Sai dai ilimin malami da na maƙeri ba su haɗu a takarda ba. Malami yana rubuta fiƙihu da nahawu da wasiƙar sarki da laya. Maƙeri yana koya wa ɗansa da baki da hannu, yana ɓoye sirrin ga bare. Larabci, wanda shi ne harshen rubutu, ba a ɗora masa nauyin sana'a ba. Hausa, wadda ita ce harshen sana'a, ajaminta ya fi karkata ga waƙoƙin wa'azi. Da sarautar da take ciyar da maƙeran igwa ta faɗi, sana'ar ta bi ta.

Dole kuma a faɗi abin da aka biya wannan ƙarfi da shi. Bindiga da farar wuta da tagulla kayan bashi ne daga fataken arewa, kuma sau da yawa da mutane ake biyan bashin. Harin kamun bayi yakan faɗa har a kan garuruwan da suke ƙarƙashin sarkin.

4. Baƙi masu awo da yaron Dambanas

A watan Janairu na 1851 James Richardson, shugaban tawagar da gwamnatin Ingila ta aiko, ya sauka Zindar a zamanin Sarki Ibrahim. Ya ga dawowar mahara da kamammu, ya rubuta abin da ya gani, sa'an nan ya rasu a watan Maris a Ngurutuwa kan hanyar Kukawa. Abokin tafiyarsa, Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya iso garin a ƙarshen Disamba 1852, ya zauna har ƙarshen Janairu 1853 yana jiran kuɗi da kaya kafin ya nufi Sakkwato da Tumbutu. Barth yana tafe da agogo da kamfas da littafin rubutu. Yana ƙidaya sa'o'in tafiya, yana rubuta sunan kowane gari da rijiya, yana tara kalmomin Hausa da Barbarci da wasu harsuna, waɗanda ya buga daga 1862 zuwa 1866.

Cikin barorinsa akwai wani yaro mai suna Dorugu. An haife shi wajen 1840 a Dambanas, kusa da Kance. An kama shi cikin wani hari yana ƙarami, aka bi da shi hannu zuwa hannu har Kukawa, inda Adolf Overweg, na ukun tawagar, ya fanshe shi. Da Overweg ya rasu a bakin tafkin Cadi a 1852, Dorugu ya koma hannun Barth, ya bi shi Tumbutu da dawowa, ya haye hamada tare da shi zuwa Turai a 1855. A Ingila ya zauna gidan wani ɗan mishan, James Frederick Schön, wanda ya fara nazarin Hausa tun tafiyar kogin Kwara ta 1841. Dorugu yana faɗa, Schön yana rubutawa: labarin rayuwarsa, da tatsuniyoyi, da bayanin abin da ya gani a London da Jamus.

Daga wannan zama aka sami babban rabo na abin da Schön ya gina nahawunsa na 1862 da ƙamusunsa na 1876 a kai, da kuma littafin Magana Hausa na 1885. A 1877 aka ba Schön lambar Volney ta ƙasar Faransa saboda aikinsa kan Hausa. Dorugu ya komo Afirka a 1864, ya yi tafinta shekaru masu yawa, a ƙarshen rayuwarsa ya koyar da boko a makarantar Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, a Nasarawa ta Kano, ya rasu a 1912. Sai a 1971 Kirk-Greene da Paul Newman suka fitar da labarinsa da sunansa a gaba.

Akwai darasi biyu a nan ga mai bincike. Hausar da Turai ta fara koyo a cikin littafi, kafin ƙamusun Robinson na 1899 da na Bargery na 1934 su mai da hankali ga Kano, tana ɗauke da bakin yaron da ya tashi a ƙasar Damagaram, don haka rubutun Schön shaida ne a kan karin harshen yankin a tsakiyar ƙarni na 19. Sa'an nan kuma cinikin bayin da ya sayo wa fada bindiga shi ne ya fitar da wanda ya kai harshen ƙasar inda fadar ba ta taɓa zato ba.

5. Daga Cazemajou zuwa 1906

Ranar 5 ga Agusta 1890 Ingila da Faransa suka ja layi a takarda daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barwa a bakin Cadi. Waɗanda suka ja shi ba su taɓa taka ƙasar ba. Taswirorin da aka zana bisa bayanan matafiya irin su Barth suke dubawa. Sarkin Damagaram na lokacin, Sulaiman ɗan Aisa, ba a shawarce shi ba.

A 1893 Rabe ya ci Kukawa, igiyar da ta ɗaure Damagaram da Barno ta tsinke. A wannan shekara Amadu ɗan Tanimun, wanda aka fi sani da Kuran Daga, ya hau. Ya kai yaƙi kudu a zamanin Sarkin Kano Alu, har rundunarsa ta kusanci birnin. Yana cikin wannan hali, da Rabe a gabas da Kano a kudu, sai kyaftin Cazemajou ya iso a 1898 yana neman hanyar zuwa wajen Rabe. Fada ta ga alamar ƙawance tsakanin maƙiya biyu. Ranar 5 ga Mayu 1898 aka kashe Cazemajou da tafintansa Olive.

Ramuwa ta zo bayan shekara guda. Rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta ƙone garuruwa tun daga bakin Kwara har Birnin Ƙonni, ta rasa shugabanninta biyu a tsakiyar Yuli 1899 bayan sun harbe kanar Klobb a Dankori. Laftana Pallier ya ja ragowar, suka gamu da dakarun Damagaram a Tirmini, yamma da Zindar, a ƙarshen watan. Bindigar Damagaram ta baki ake ɗura ta, harbi ɗaya sai a tsaya. Ta Faransa harsashinta a haɗe yake, tana harbi bi da bi daga nesa. Maƙerin Zindar yana iya gyara ta farko, yana iya haɗa mata albarushi. Ta biyun kuwa masana'antu ne a bayanta. An ci garin, aka kashe Kuran Daga a Rumji a watan Satumba, aka naɗa ɗan'uwansa Amadu ɗan Basa.

A watan Nuwamba tawagar Foureau da Lamy ta iso daga Aljeriya bayan ta ratsa hamada. Lamy soja ne, ya wuce ya mutu tare da Rabe a Kusuri ranar 22 ga Afrilu 1900. Foureau kuwa aikinsa tattara duwatsu da tsirrai da auna tudu da zafi. Tafiyar soja da masani cikin ayari ɗaya ita ce siffar wannan zamani. Babban attajirin garin, Malam Yaro, wanda harkarsa ta kai Tarabulus, yana cikin waɗanda suka taimaka wa baƙin da abin tafiya.

A 1906, shekarar da aka yi tawayen Satiru kusa da Sakkwato, ƴan watanni bayan na Kobkitanda a ƙasar Zabarma, hukumar soja ta Zindar ta ce ta gano shirin kashe Turawan garin. Aka tuhumi sarki da wasu fadawansa da Malam Yaro da wani tafintan bariki. Aka tuɓe Amadu ɗan Basa aka kai shi Kodebuwa, aka yanyanka ƙasar, aka damƙa riƙon garin ga wani bawan fada mai sarautar Ballama. Sai a 1923 aka mai da sarauta gidanta da naɗin Barma Mustafa. Shigar tafinta cikin wannan shari'a tana nuna matsayin da harshe ya samu. Kwamanda ba ya jin Hausa, sarki ba ya jin Faransanci, duk abin da ya wuce tsakaninsu ta bakin mutum ɗaya yake bi, kuma bayanan da aka ajiye da Faransanci su ne suka zama madogarar masu tarihi.

6. Iyaka da ƙamus

Yarjejeniyar 14 ga Yuni 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato ta bar wa Ingila. Da Faransawa suka zo aiki da ita sai suka tarar hanyar da ta rage musu daga Kwara zuwa Zindar ba ta da isassun rijiyoyi. Aka sake zama a 1904 da 1906 aka tura layin kudu. Daga nan aka aiko kyaftin Jean Tilho da manjo O'Shee na Ingila su tabbatar da shi a ƙasa. Suka auna matsayin garuruwa da taurari, suka kafa alamu 148 daga Kwara zuwa Cadi, gwamnatocin biyu suka amince a 1910. Layin ya bar Zindar da Magarya da Kance a arewa, ya bar Kano da Daura da Gumel a kudu.

A cikin tawagar Tilho akwai hafsan tafinta, Moïse Landeroin, wanda ya yi wa Marchand tafintan Larabci a tafiyar Fashoda. Shi ya zauna da dattawa da masu sarauta ya rubuta jerin sarakuna da labaran yaƙe-yaƙe, aka buga a 1911 cikin kundin binciken tawagar. Shi da Tilho kuma suka fitar da nahawun Hausa haɗe da tatsuniyoyi a 1909, da ƙamus na Hausa da Faransanci. Yawancin shekarun sarautar da ake ambata a yau, har da na cikin wannan nazari, daga wannan tushe suka samo asali, kafin André Salifou a 1971 da Roberta Dunbar a 1970 su koma ga ruwayar baka su gwada ta da takardu. Ke nan ruwayar fada ta fita da Hausa, ta shiga takarda da Faransanci, ta dawo wa jikokin masu ita da sunaye a karkace: Tanimoune, Mirriah, Kantché.

Littattafan Landeroin don hafsoshi aka yi su, domin mai mulki ya ji abin da talaka yake faɗi. Ba a yi su don talaka ya karanta harshensa ba.

7. Zaman bariki

Zindar ta zama hedkwatar yankin soja na uku da aka ƙirƙira a 1900. An mai da hedkwatar Yamai na ƴan shekaru, ta dawo Zindar a 1911, Nijar ta zama cikakkiyar ƙasar mallaka a 1922, sa'an nan a 1926, zamanin gwamna Brévié, aka koma Yamai gaba ɗaya, ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da aka bayar. A cikin waɗannan shekaru hanyar hamada ta mutu: jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Italiya ta faɗa wa Tarabulus a wannan shekara, yunwar Kakalaba ta 1913 da 1914 ta biyo baya, yaƙin Kawusan na 1916 da 1917 ya ƙarasa raƙuman Abzin. Garin da yake kallon arewa ya juya yana kallon Kano, ga shi kuwa an sa iyaka a tsakani.

Harshe ya ajiye lissafin wannan zama. A arewacin layin Tilho aka sami lakwal da mushe da lampo da kaso da kwamanda da buro da kamyo. A kudancinsa aka sami ofis da fursuna da joji da lori. Bambancin ya wuce na kalmomi. A kudu, makarantar Ɗan Hausa ta fara koyar da Hausa da boko tun 1909, aka kafa hukumar fassara, aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. A arewa, lakwal da Faransanci kaɗai take koyarwa. Yaron Zindar da ya shiga tsangaya ya fito da Larabci da ajami, wanda aka kama aka kai lakwal ya fito da Faransanci, Hausar da suke magana da ita su biyun ba ta da aji. Ba a buɗe mata ƙofa ba sai bayan mulkin kai, da taron Bamako na 1966 kan haruffa, da makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da aka buɗe a Zindar a 1973, da taron Yamai na 1980 wanda ya nemi daidaita rubutun ƙasashen biyu.

8. Kammalawa

Damagaram ta ƙarni na 19 tana da malamai masu rubutu da maƙera masu zubin igwa da fatake masu lissafin bashi daga Zindar har bakin Bahar Rum. Abin da ba ta yi ba shi ne ta tara wannan sani a rubuce cikin harshen da jama'arta suke ji. Waɗanda suka zo daga waje sun yi wannan tarawa, cikin harsunansu, don bukatunsu, kuma da ita suka ja iyaka suka tsara tarihi.

Aikin da wannan ya bar wa masu bincike a fili yake. Maganar Dorugu tana bukatar a juya ta cikin ƙa'idar rubutu ta yanzu, a gwada ta da Hausar Kance da Mirya, a ga abin da ya sauya cikin fiye da shekara 160. Labarinsa kuma abin karantawa ne da ya dace da ajin manya. Kalmomin maƙera da majema da magina da dukawa na Birni da Zango suna bukatar a tattara su daga bakin masu sana'ar, domin a nan ne ake samun kalmomin awo da narki da gauraye waɗanda masu tsara littattafan kimiyya suke wahalar ƙirƙirowa. Wasiƙu da takardun ajami da suke hannun gidajen malamai da na fatake suna bukatar a ƙidaya su a ɗauki hotonsu. Sunayen garuruwa da na sarakuna kuma a rubuta su yadda masu su suke faɗinsu, ko da taswirar hukuma ta rubuta su dabam.